Halittar mace ce take hana ta wani aikin, ko mu ne muke hanawa?

Baban Sadiq:
Salam jama'a. Don Allah shawara nake nema kuma ina so a tattauna da hankali ba faɗa ba. A wurin aikinmu harkar sola muke da batira har da hawa turakun sadarwa, an buɗe ɗaukar sabbin ma'aikata shida ina cikin kwamitin tantancewa. Cikin takardun da suka shigo akwai na mata uku, ɗaya ma nata sun fi na kowa kyau. Abokin aikina yace mu ware nasu gefe tun yanzu kar mu ɓata musu lokaci, wai akwai hawa sama akwai batir mai nauyi akwai rana, halittar mace bata dace da aikin ba. Ni raina bai kwanta ba don ban taɓa sa ko ɗayarsu a ido ba balle in san abin da zata iya, amma kuma bana so in ɗauki mutum yaje ya faɗo alhakinsa yana wuyana. Toh bambancin halitta tsakanin namiji da mace da gaske yana shafar aikin da mutum ya dace da shi, ko sabo ne kawai?

Malam Isa:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq abokin aikinka bai faɗi ƙarya ba. Namiji da mace ba ɗaya bane, ko a wasanni ma da ake ta maganar daidaito me yasa har yau aka raba gasar maza da ta mata? Usain Bolt ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58 a 2009, na mata 10.49 ne kuma tun 1988 ba wadda ta karya shi. Waɗannan fa su ne ƙarshen horo a duniya. Ni a ganina kare mace daga aikin da zai karya ta mutuntawa ce, ba raini bane. Ina da 'ya'ya mata, ba zan so in ga ɗaya a saman turke iska na kaɗa ta ba.

Dakta Hauwa:
Malam Allah ya ƙara girma, ta ɓangaren ƙarfin jiki babu musu, kuma ina so 'yan uwana mata mu daina musun wannan don yana rage wa maganarmu daraja. Kafin balaga yaro da yarinya kusan kunnen doki suke a gudu da tsalle, daga balaga ne sinadarin testosteron yake tashi a jikin namiji har ya ninka na mace sau goma ko fiye, shi yake gina tsoka ya faɗaɗa kafaɗa ya ƙara wa ƙashi kauri, har yawan jini yake ƙarawa. Shi yasa ko a awon ƙarancin jini Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba, namiji in ya gaza 13 za a ce jininsa ya yi ƙasa, mace sai ta gaza 12. Hannu da kafaɗa nan tazarar ta fi faɗi, matsakaiciyar mace tana da kamar rabi zuwa kashi 60 na ƙarfin matsakaicin namiji, a ƙafa tazarar ta ragu ta kai kamar biyu bisa uku. Akwai awon ƙarfin damƙa da aka yi a Jamus aka buga a 2007, aka samu kashi 90 na matan basu kai abin da kashi 95 na mazan suke matsewa ba. Wannan ba ƙaramar tazara bace.

Amma duk lissafin nan na taron jama'a ne. Baban Sadiq ba taro zai ɗauka ba, mutum shida zai ɗauka masu suna. Maza sun fi mata tsawo da kamar santimita 13 in an ɗauki matsakaici, amma waye a nan bai san macen da ta fi mijinta tsawo ba? In kana neman wanda hannunsa zai kai saman kanta ai tsayar da mutane zaka yi ka auna, ba zaka ce duk wani namiji ya shigo duk wata mace ta koma ba, in kayi haka zaka ɗauki gajeren namiji ka kori doguwar mace kuma kaine ka yi asara.

Tsohon Soja:
Dakta kin yi adalci. Bari in ƙara da abin da na sani ta ɓangarenmu. A 2015 rundunar Marin ta Amurka tayi gwaji na watanni, aka haɗa rukunin maza zalla da rukunin da aka cakuɗa maza da mata aka basu ayyukan fagen daga, tafiya da kaya, harbi, janye wanda ya ji rauni. Rukunin maza zalla suka fi a kashi 69 cikin 100 na ayyukan, kuma matan sun fi jin rauni a ƙashi da gaɓoɓi. Wanda bai taɓa tafiya da kaya a baya na awanni ba bazai gane ba, ba ranar farko ce matsala ba, wata na uku ne ƙwauri yake fara tsagewa a hankali. Kuma a daji in abokinka ya faɗi kai zaka ja shi da kayansa, ba wanda zai rage masa nauyi don kai mace ce. Ni wannan ne damuwata, ba ƙiyayya ba.

Ummi:
Baba Soja amma a wannan shekarar dai ta 2015 a watan Agusta Kristen Griest da Shaye Haver suka gama makarantar Ranja ta sojan Amurka, horon da maza da yawa suke faɗuwa duk shekara, kuma a Disamba aka buɗe wa mata duk ayyukan yaƙi duk da wancan gwajin. Toh su biyun nan da an bi maganar ware takardu gefe ai ko ƙofar ba za su gani ba. Ni bance mata dubu za su wuce ba, ko biyu ne cikin ɗari me yasa za a yi musu kuɗin goro da sauran?

Tsohon Soja:
'Yata na yarda da ke a nan. Sharaɗina ɗaya kar a sassauta ma'auni. In namiji zai ja kilo kaza ita ma taja kilo kaza. Wadda ta wuce zan sara mata da hannuna.

Anti Rabi:
Ni dai tun ɗazu nake karantawa raina yana sosuwa. Shekarata ashirin da wani abu ina aikin nas. Malam Isa kace kare mace daga aiki mai nauyi mutuntawa ce, toh wlh ni ba wanda ya taɓa kare ni. Mu muke juya majiyyaci mai kilo 90 da baya iya motsa ko yatsa, duk bayan awa biyu don kar bayansa ya yi gyambo, mu ɗaga shi daga gado zuwa keke daga keke zuwa gado, mu kwana a tsaye, wani majiyyacin ma in ciwo ya gigita shi duka yake kawowa. Sama da kashi 80 cikin 100 na nas-nas a duniya mata ne, kuma ciwon baya a cikinmu ya zama kamar riga, ni kaina akwai asubar da sai na dafa bango nake miƙewa. Ba a taɓa zama a wani kwamiti ance a ware takardun mata gefe saboda aikin jinya ya yi nauyi ba.

Haka ɗiban ruwa da itace da noma a ƙasashe masu tasowa, wa yake yi? An taɓa auna matan Luwo da Kikuyu na Kenya a 1986, aka ga suna ɗaukar kaya a ka har kashi 70 na nauyin jikinsu, kuma in kayan bai wuce kashi 20 ba ko ƙarin kuzari jikinsu baya ƙonawa, abin da ya ba masu binciken mamaki kenan. Abin da na lura dashi shine ana tuna raunin mace ne a wajen aikin da yake da albashi mai kyau da inshora, wanda kuma ba a biya ko ake biya kaɗan sai ta zama mai ƙarfi. Wannan abin yana min ciwo sosai kuma ba akan ka nake ɗorawa ba Malam, haka muka taso muka gani.

Malam Isa:
Anti Rabi Allah ya saka miki, ya baki lafiyar bayan. Maganarki ta shige ni don matata ma ta yi jinyar mahaifiyata shekara biyu na ga abin da ta sha. Amma ki duba, in hannunki ya gaji a gefen gado zaki kira wata ta kama miki, in hannu ya gaji a saman turke mita talatin fa? Haɗarin ba ɗaya bane.

Injiniya Bello:
Toh bari masu hawan su yi magana. Na yi shekaru ina wannan aikin kafin in koma ofis. Baban Sadiq ka fini sani ba wanda yake goya batir ya hau turke da shi, batira a ƙasa suke zama cikin akwatinsu, abin da zai hau sama kuma igiya da kura ake sa wa a ja. Duk inda kaga mutum ya saɓa kaya mai nauyi yana hawa toh wurin ne bashi da tsari, kuma namijin ma cutarsa ake. Abin da hawa yake buƙata shine ka iya ɗaga nauyin jikinka kai kanka, ƙafa tayi yawancin aikin, ka jure, kar jiri ya ɗebe ka, kuma kar ka taɓa cire ƙugiya ɗaya sai ka maƙala ɗayar. Ƙato mai kilo 100 ya fi siririn mutum shan wuya a tsani, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Kuma Malam, wanda na sani ya faɗo ba gajiyar hannu ce ta kada shi ba, ƙarfi ne dashi kamar me, ya cire ƙugiya ne don yana sauri yana ganin ya saba. Allah ya jiƙansa. A Amurka inda suke rubuta komai, sama da kashi 90 na masu mutuwa a wurin aiki maza ne, gaskiya mafi yawan dalilin su ne suke cikin ayyuka masu haɗarin, amma ganganci ma yana ciki kuma duk wanda ya riƙe samari a fili ya san haka. In zamu yi maganar halitta mu yi ta duka, son kasada ma ya fi yawa a samari.

Inda ƙarfi yake shigowa da gaske shine sauke batira daga mota da jera su, wannan kam akwai nauyi, amma mutum biyu ake sa wa ko a tura a kura.

Dakta Hauwa:
Injiniya ka tuna min wani abu. Makantar launi, wato mutum ya kasa bambance ja da kore. A mutanen arewacin Turai kusan namiji 1 cikin 12 yana da ita, mace kuwa 1 cikin 200, sauran al'ummomi adadin ya ɗan ragu amma ko'ina maza ne suka fi nesa ba kusa ba. Dalili ƙwayar gadon tana kan kromosom X ne, namiji guda ɗaya gare shi in ta samu matsala shikenan, mace biyu gare ta ɗaya tana rufa wa ɗaya asiri. Wannan bambancin halitta ne tsantsa kuma ya shafi aikin wayar lantarki da tuƙin jirgin ƙasa da na sama kai tsaye. Me ake yi? Ba a ce maza su koma gida ba, ana buɗe wa kowa littafin nan mai ɗigo-ɗigon launi ace ya karanta lambar da ke ciki, minti biyu an gama. Baban Sadiq ina fatan kuna yin wannan gwajin ma don wayoyinku da launi ake gane su.

Baban Sadiq:
Dakta gaskiya bama yi, kuma yanzu na rubuta shi.

Abu Ammar:
Jama'a duk kun tsaya a tsoka. Ƙwaƙwalwa fa? Me yasa ko a ƙasashen da suka fi kowa ba mata 'yanci irin su Norway da Finland har yau injiniyoyi yawanci maza ne nas-nas yawanci mata? Ba wanda ya hana su. A dara ta ces mace ɗaya ce tak ta taɓa shiga goman farko na duniya, Judit Polgar, kuma can ba a ɗaga komai. Wani injiniya a Google James Damore ya rubuta irin wannan a 2017 aka kore shi. Ni ina ganin akwai abin da Allah ya sa a zuciyar kowane jinsi yake karkata gare shi kuma ba laifi bane a faɗa.

Ummi:
Yaya Abu Ammar ni aikin kwamfuta nake yi kuma kullum sai an faɗa min wannan. Ka san waɗanda suka fara tsara wa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, aiki a 1945 mata shida ne? A lokacin ana ganin aikin kamar na akawu ne shi yasa aka bar musu. A Amurka a 1984 kashi 37 na masu digirin kimiyyar kwamfuta mata ne, daga baya ya zube ya koma wajen 18. Ƙwaƙwalwar mata ce ta canza cikin shekara ashirin? A Tarayyar Sobiyat kusan kashi 70 na likitoci mata ne a lokacin da a Amurka likita mace sai an tona. A Aljeriya da Tunisiya kason mata cikin masu gama karatun kimiyya da injiniyanci ya fi na ƙasashen Turai da yawa. Jini ɗaya ne fa a jikin matan duniya, in abu yana hawa yana sauka daga ƙasa zuwa ƙasa daga shekara zuwa shekara toh ba jini kaɗai bane yake juya shi. Ni a ajinmu ba ƙwaƙwalwa ce ta kori ƙawayena ba, ɗaya malami ne ya ce mata a gaban kowa ta ɓata kujerar da namiji zai zauna, bata ƙara dawowa ba, kuma ta fini iya lissafi.

Dakta Hauwa:
Ku biyun kowa ya riƙe wani yanki. Akwai bambanci tsakanin iyawa da sha'awa, kar a haɗa. Ta wajen iyawa, Janet Hyde ta tattara manyan bincike 46 a 2005 ta samu kusan kashi 78 na bambance-bambancen da ake aunawa tsakanin maza da mata ko dai ƙanana ne ko kusan babu, har da lissafi. Inda aka fi ganin tazara akwai juya siffar abu a cikin kai, maza sun fi a matsakaici, mata kuma sun fi a karatu da rubutu kusan ko'ina aka gwada ɗalibai. Ta wajen sha'awa kuwa Abu Ammar yana da hujja, an tattara bayanan mutum wajen rabin miliyan a 2009 aka ga maza sun fi karkata ga aiki da abubuwa mata ga aiki da mutane, kuma tazarar babba ce. Nawa ne daga halitta nawa ne daga tarbiyya, masana har yau suna ja.

Amma ka lura ɗan uwa, ko da ace duka daga halitta ne, abin da zai bayyana shine me yasa mata uku ne kawai suka nema maza suka fi yawa. Bai ce komai akan ukun da suka nema ba. Su ai sun riga sun nuna inda sha'awarsu take, sun yi karatun sun kawo takarda. Maryam Mirzakhani 'yar Iran da ta ci lambar Fields ta lissafi a 2014 ba matsakaiciyar mace bace, kamar yadda mazan da suka ci ba matsakaitan maza bane.

Abu Ammar:
Na karɓi wannan rarrabewar Dakta. Amma kar gobe in an ga maza sun fi yawa a wani aiki a ce dole zalunci ne, wani lokacin zaɓi ne.

Ummi:
Wani lokacin zaɓi ne wani lokacin kuma takarda ce aka ware gefe kamar yadda aka so yi a nan, kuma daga waje duka biyun kama ɗaya suke.

Maman Iman:
Ni abin da nake jira a taɓo ba a taɓo ba, ciki da haihuwa da shayarwa. Wannan shine bambancin da ba gwajin da zai share shi. Mai ciki wata bakwai ba zata hau turke ba, kuma batir irin na dalma ma kansa haɗari ne ga ɗan tayi in ana shaƙar ƙurarsa ko ana taɓa shi ba kariya. Mu faɗi gaskiya yawancin masu ɗaukar aiki wannan suke tsoro sai su fake da maganar ƙarfi. Ni an taɓa tambayata a intabiyu yaushe zan sake haihuwa, na fito ina kuka don mijina ba a taɓa masa wannan tambayar ba alhali 'ya'yan namu ne mu biyu. Claudia Goldin da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023 abin da ta nuna kenan, a ƙasashe masu arziki yawancin tazarar albashi tsakanin mace da namiji masu aiki iri ɗaya tana buɗewa ne bayan haihuwar ɗan fari. Toh ciki watanni ne, aiki shekara talatin ne, za a hana mutum talatin saboda watanni? A mayar da ita aikin ƙasa ko gwajin na'ura har ta sauka ta dawo. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta sa hutun haihuwa aƙalla mako 14. Na san ƙaramin kamfani yana jin nauyin wannan, ban raina ba, amma namiji ma yana karyewa ya yi wata uku a kwance ba a ce don haka an daina ɗaukar maza ba.

Barista Sale:
Bari in kawo yadda wasu ƙasashe suka yi da wannan. A da Rasha tana da jerin ayyuka 456 da doka ta hana mata, hujjarsu kare lafiyar haihuwa, har da tuƙin jirgin ƙasa da manyan motoci. Wata Svetlana Medvedeva da ta yi karatun tuƙin jirgin ruwa aka hana ta aiki saboda jerin, ta kai ƙara har kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya bata gaskiya a 2016. Daga Janairun 2021 aka rage jerin zuwa 100, mata suka dawo tuƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa a Mosko. Abin lura dokar bata tambaya ko matar tana da ciki, ko ta gama haihuwa, ko ma bata da niyya.

Na biyun ya fi shafarka Baban Sadiq kuma ya shafi maganar Baba Soja ta kar a sassauta ma'auni. A Kanada wata Tawney Meiorin ta yi shekara uku tana kashe gobarar daji ba korafi akan aikinta, sai aka kawo sabon gwaji na gudun kilomita 2.5 cikin minti 11, ta makara da daƙiƙa 49 aka sallame ta. A 1999 kotun ƙoli ta ce a mayar da ita, saboda gwamnati ta kasa nuna cewa wannan gudun dole ne kafin mutum ya iya aikin lafiya. Wato ma'auni ɗaya ga kowa daidai ne, amma ma'aunin ya fito daga cikin aikin. Dubi gwajin 'yan kwana-kwana da ake yi a Amurka da Kanada, mutum zai sa riga mai nauyin kusan kilo 23 ya hau matakala ya ja mesa ya ɗaga tsani ya janye mutum-mutumi mai kilo 75, duka cikin minti 10 da daƙiƙa 20, mace da namiji lokaci ɗaya nauyi ɗaya. Kowane mataki abu ne da za a yi a gobara ta gaske. Mata kaɗan ne suke wucewa in an kwatanta da maza, amma wadda ta wuce ba mai ce mata alfarma aka yi mata.

Malam Isa:
Barista ka tuna min da 'yar dattijon Madyana da ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki don mafi alherin wanda za a ɗauka shine mai ƙarfi amintacce. Ƙarfi sharaɗi ne tun asali, ba mu muka ƙirƙira ba.

Anti Rabi:
Haka ne Allah gafarta Malam, kuma bata faɗa ba sai da ta ga ya shayar musu da dabbobi da idonta. Su biyun ma ai kiwon suka fito.

Malam Isa:
Kin yi gaskiya. Toh a gwada ɗin, gani ya kori ji. Amma ni har yanzu ina da abu ɗaya a raina. In abokin hawanta ya suma a sama yana reto a igiya, namiji mai kilo 85, zata iya sauko da shi? Don ran wani ne a hannunta ba nata kaɗai ba. In ba zata iya ba ni ban yarda a tura ta ba ko takardunta na zinare ne.

Injiniya Bello:
Tambaya ce mai kyau Malam kuma ita ya kamata a yi wa duk shidan. Ba wanda yake saɓo sumammen mutum a kafaɗa ya sauko tsani, ko ni a ƙuruciyata bazan iya ba. Akwai na'urar ceto mai kura da birki, zaka hau ka maƙala masa ka ɗan ɗaga shi da ita har tsohuwar ƙugiyarsa ta saki sannan ka zuro shi a hankali. Yana buƙatar ƙarfi daidai gwargwado amma ya fi buƙatar horo da natsuwa da sauri, don mutum in ya daɗe yana reto a ɗamara jini yana taruwa a ƙafafunsa abin yana iya zama ajali. Baban Sadiq ka sa wannan a gwajin bayan an koya musu, da buhun yashi mai nauyin mutum.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan kai wa kwamiti gobe, a kira duk wanda takardunsa suka cika har matan uku, a sanar da kowa gwajin mako biyu kafin ranar, hawa da cikakkun kaya zuwa tsayin da muke aiki, sauke batir mutum biyu-biyu, haɗa waya, gwajin launi, sai na ceto bayan horo. Ba za a tambayi kowa maganar aure ko haihuwa ba. Abokin aikina na san zai ja, amma zan ce masa in yana da yaƙinin ba za su iya ba ai gwajin zai nuna. Abin da ban warware ba shine wa zai riƙe gurbin in ɗaya ta tafi haihuwa don mu ba yawa gare mu ba, wannan sai na zauna da manaja.

Malam Isa:
Ka dawo ka faɗa mana sakamakon ko ya zo yadda nake zato ko akasin haka.

Injiniya Bello:
Kafin ranar ka duba ɗamarar hawan da kuke dasu da safar hannu da takalma. Yawanci manya ake sayowa masu girman maza, ɗamara in ta yi wa mutum yawa tana iya zamewa ta kafaɗa in ya faɗa, safar hannu in ta yi yawa damƙa tana raguwa, sai ka ga mutum ya faɗi gwaji alhali kayan ne. Hukumar sararin samaniya ta Amurka NASA ma a Maris 2019 sai da ta fasa fitar mata biyu tare zuwa wajen tashar sararin samaniya saboda rigar matsakaicin girma guda ɗaya ce a shirye, sai a Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka fita. Ka sa a sayo ƙanana ko biyu ne, akwai samarin ma da za su yi musu daidai.